Yadda ake gano ciwon tsokar zuciya a jikin kyanwa, da cututtukan da ke yi masa kama

Masu kiwon kyanwa suna yawan turo tambaya iri ɗaya: an kai mage asibiti, an ɗora mata abin sauraron ƙirji, an ce tana da ciwon zuciya, to ta yaya za a tabbatar? Ɗaliban likitancin dabbobi kuma tasu tambayar ita ce, idan sikanin ya nuna bangon zuciya ya yi kauri, magana ta ƙare ke nan? Ba ta ƙare ba. Akwai cututtuka da dama da ke sa bangon ya yi kauri, ko ya yi kamar ya yi kauri, alhali tushen matsalar yana ƙoda, ko maƙogwaro, ko ma rashin ruwa ne kawai a jiki. Sai an kore su ɗaya bayan ɗaya kafin a ambaci sunan ciwon.

Ciwon tsokar zuciyar da ya fi yawa a kyanwoyi shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da HCM. Bangon ɗakin ƙasa na hagu na zuciya ne yake yin kauri ya ƙi sakewa, kamar tulun da maginiya ta cika wa yumɓu: daga waje girmansa daidai, cikinsa kuwa ba ya ɗaukar ruwan kirki. Jinin da ya rasa wurin shiga sai ya taru a ɗakin sama, ɗakin ya buɗe, daga nan ruwa ya tsattsafo cikin huhu ko kewayensa, ko kuma jini ya daskare ya zama guda. Kusan kyanwa 15 cikin 100 na ɗauke da shi, muzurai sun fi kamuwa, kuma mafi yawansu ba sa nuna komai tsawon shekaru. Ga yadda ake bin sawunsa.

1. Ƙirga numfashi a gida

Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma babu likitan da zai iya yi muku shi, domin a asibiti tsoro kaɗai yana ninka numfashin kyanwa. Ku jira ta yi barci sosai a wuri mai sanyi. Ku kalli haƙarƙarinta: ɗagawa da sauka shi ne numfashi ɗaya. Ku ƙirga na daƙiƙa 30 ku ninka biyu. Lafiyayyar kyanwa mai barci ba ta kai 30 a minti. A yi haka kwana uku ko huɗu a jere, a rubuta da kwanan wata.

Gargaɗi: kada a ƙirga lokacin da take gurnanin jin daɗi, ko tana mafarki ƙafafu na motsi, ko da tsakar rana a watan Afrilu a ɗakin kwano. Duk waɗannan suna ba da lissafin ƙarya. Amma idan da dare ne, gari ya yi sanyi, lissafi ya tsaya sama da 30 kuma kullum yana hawa, a tafi asibiti washegari. Idan ya wuce 40, ko cikinta na taya ƙirji aiki, a tafi a ranar.

Ku ɗauki bidiyon numfashin da waya. Ya fi dogon bayani amfani.

2. Idan tana haki, a ajiye maganar gwaji tukuna

Kare yana haki don ya huce. Kyanwa ba ta yi sai da dalili mai ƙarfi. Wadda ta buɗe baki tana jan iska, ta durƙusa a kan ƙirji, ta buɗe gwiwoyin hannu, ta miƙe wuya, tana bakin mutuwa. Da yawa a kan teburin hoto suke cikawa, an kwantar da su an danne don a samu hoto mai kyau.

A sa ta cikin kwando ko kwali mai ƙofofin iska, ba buhu ba, kuma kada a rungume ta a ƙirji. A asibiti a fara da iskar oksijin da ɗaki mara hayaniya, nesa da haushin karnuka. Idan tana firgita, likita ya ba ta ɗan maganin kwantar da hankali mai sauƙi irin butofanol. Bayan ta ɗan lafa, a ɗora kan na'urar sikanin a gefen ƙirji tana zaune yadda ta ga dama, a nemi amsar tambaya biyu kawai: akwai ruwa kewaye da huhu? Ɗakin sama na hagu ya buɗe? Minti ɗaya ya isa.

Idan akwai ruwa, zuƙe shi magani ne kuma gwaji ne. A kalle shi cikin sirinji. Mai haske ko mai ɗan ja-ja yana tafiya da ciwon zuciya. Mai kauri da wari mugunya ce, sau da yawa daga cizon wani muzuru. Mai ruwan ɗorawa da yauƙi a jikin ƙaramar kyanwa yana nuni ga FIP, wata cuta ta kyanwoyi da ƙwayar bairos ke kawowa. Fari kamar madara zai iya fitowa daga zuciya, zai iya fitowa daga ƙari a ƙirji. Jini tsantsa kuwa, a tambayi masu ita ko mota ta buge ta, ko an zuba maganin ɓera a gidan. Kada a zubar da ruwan, a kai shi ɗakin gwaji.

Gargaɗi: kada a ɗaura wa kyanwa mai haki ƙarin ruwa saboda kawai ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Idan zuciya ce, wannan ruwan huhu zai tafi.

3. Tambayoyin da ke rage rabin aiki

Shekarunta nawa? Kauri a zuciyar mai shekara 12 da kauri a zuciyar mai shekara ɗaya ba hanya ɗaya ake bi da su ba, kamar yadda za a gani a gaba.

Me take ci? A nan ne gidajenmu suka bambanta da na Turai. Kyanwa tana buƙatar wani sinadari mai suna taurin, wanda ke cikin nama da kifi da kayan ciki, babu shi a hatsi. Tun 1987 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka nuna cewa rashinsa yana sa zuciyar kyanwa ta saki ta yi laushi, kuma tana farfaɗowa idan an mayar da shi. Kamfanonin abincin kyanwa suka ƙara shi, ciwon ya kusa ɓacewa a can. Amma magen da aka kulle a gida tana rayuwa a kan ragowar tuwo da shinkafa da madara, ko ake ba ta abincin kare don ya fi araha, har yanzu tana cikin haɗari. Wadda ke farautar ɓera tana samun rabonta.

Wane magani aka ba ta? A yi wannan tambayar a hankali, ba da faɗa ba, don mutane na ɓoyewa. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, kuma alamunsa sun yi kama da ciwon zuciya: numfashi sama-sama, kasala, dasashi ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, fuska da tafin hannu su kumbura. Haka nan allurar sitiroid mai daɗewa a jiki, ko ƙarin ruwa, ko allurar barci don fiɗiya a 'yan makonnin baya, duk suna iya tono ciwon zuciyar da yake kwance.

Tana tari? Ba kasafai ciwon zuciya ke sa kyanwa tari ba, saɓanin kare. Wadda ke durƙusawa ta miƙe wuya tana tari busasshe, a fara tunanin asma ko tsutsar huhu, a kuma tambayi turaren wuta da maganin sauro da hayaƙin itace a inda take kwana.

Wane iri ce? Maine Coon, Ragdoll, British Shorthair, Sphynx da 'yan Fasha masu dogon gashi sun fi gadon ciwon. Amma ta gida ma tana kamuwa.

4. Hannu da kunne

A fara da awon nauyi da zafin jiki. Zafin lafiyayyar kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39.2. Mai wahalar numfashi da zafinta ya sauka ƙasa da 37.5, zargi ya karkata ga zuciya. Mai zazzaɓi kuwa, ga mugunya ko ciwon huhu. A ɗaga leɓe a ga dasashi: fari fat rashin jini ne, sai a buɗe gashi a nemi ƙuma. A ja fatar wuya a ga ko tana komawa da sauri. A zura babban yatsa da manuni a gefen maƙogwaro daga sama zuwa ƙasa, ko za a ji wani ɗan ƙullutu ya sulluɓe. A taɓa bugun jini a cikin cinyoyin biyu.

Sannan a saurari ƙirji, dama da hagu, musamman kusa da ƙashin tsakiya. Bugun 140 zuwa 220 a minti daidai ne a asibiti. Idan gurnani ya hana ji, a buɗe famfo kusa da ita ko a kawo audugar sifirit kusa da hancinta, takan yi shiru na ɗan lokaci.

Ga inda aka fi yin kuskure. Ƙarar "shuu" tsakanin bugu da bugu ita ce ke sa a ce wa mutane magensu na da ciwon zuciya, alhali ita ce shaida mafi rauni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na lafiyayyun kyanwoyi ana jin ta a ƙirjinsu. Tsoro na kawo ta, rashin jini na kawo ta, zazzaɓi na kawo ta, ko danna abin sauraron da ƙarfi a kan ƙirjin kyanwa yana iya haifar da ita. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu mummunan ciwo da ba a jin komai. Abubuwa biyu ne suka fi nauyi: bugu na uku da ke sa sautin ya zama na sukuwa, da bugun da ke tsallake ko rikicewa. Wanda ya ji ɗaya daga cikinsu, ya tura kyanwar sikanin ko da tana wasa tana cin abinci.

5. Awon hawan jini

Kada a tsallake wannan. Zuciyar da ke tura jini cikin matsi mai yawa dole ta yi kauri, kuma a sikanin ba a iya raba ta da HCM. Tsofaffin kyanwoyi masu ciwon ƙoda su ne kan gaba.

Na'urar mutane ba ta aiki a nan. Ana amfani da na'urar Dofla da ɗan madauri wanda faɗinsa ya kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na kewayen hannu ko gindin wutsiya. Madauri ƙarami yana ƙara lamba, babba yana rage ta. A bar kyanwar ta zauna minti biyar zuwa goma a ɗakin tare da mai ita, a yi awon kafin a sa mata ma'aunin zafi ko allura. A watsar da awon farko, a ɗauki biyar zuwa bakwai a fitar da matsakaici. Ƙasa da 140 lafiya. Daga 160 zuwa sama, idan ya maimaitu a wata ranar, hawan jini ne. Daga 180 zuwa sama ya tsananta.

A leƙa bayan ido da fitila. Jini a cikin ido, ko tsohuwar magen da ta wayi gari tana karo da bango, ba sai an jira awo na biyu ba.

6. Gwajin jini

A jera su daga mai araha zuwa mai tsada. Awon yawan jini, wato PCV, kusan kowane ɗakin gwaji na yinsa, kuma shi kaɗai yana iya bayyana ƙarar "shuu" da saurin bugu. Sai gwajin ƙoda da suga da fitsari.

Duk wadda ta kai shekara 6 kuma aka ji wani abu a ƙirjinta, a auna mata T4, wato sinadarin tayirod a jini. Ƙullutun tayirod da ke maƙogwaro idan ya zarce aiki yana sa zuciya gudu da kauri. Hoton mai wannan ciwo ba ya ɓuya: tsohuwa, ci kamar gara, rama kullum, yawan shan ruwa, kuka da dare. Gargaɗi: idan tana fama da wani ciwon daban, T4 na iya sauka ya yi kamar daidai. Idan zargi na nan, a sake bayan 'yan makonni.

Akwai gwajin NT-proBNP, sinadarin da zuciya ke saki idan ta matsu. Ana samunsa a ɗan faifan gwajin gaggawa na kamfanin IDEXX, ana kuma iya aika jini a auna adadinsa. Ƙasa da 100 yana nufin da wuya a ce akwai babban ciwo. A jikin mai wahalar numfashi, sama da 270 yana karkata ga zuciya. Amfaninsa na gaske shi ne raba "zuciya ce" da "huhu ne" a inda babu sikanin, kuma ana iya ɗiga masa ruwan da aka zuƙo daga ƙirji. Amma ba ya faɗin wane irin ciwo ne, yana iya kuskure ƙaramin ciwo, kuma ciwon ƙoda da hawan jini da tayirod duk suna ɗaga shi.

Turofonin, wanda ke nuna raunin tsokar zuciya, a ajiye shi don mataki na 9.

7. Hoton ƙirji

Hoton ƙirji na huhu ne fiye da zuciya. Kaurin HCM ciki yake shiga, don haka inuwar zuciya na iya fitowa daidai. Aikinsa shi ne nuna ruwa a huhu, da fallasa masu kama: asma, ƙari a gaban zuciya, iska a ƙirji, ko hanji da hanta da suka haura ƙirji bayan tantanin ciki ya yage, abin da ake gani a magen da mota ko babur ya buge makonni da suka wuce.

Ana auna tsawo da faɗin zuciya a hoton gefe, a haɗa su a gwada da ƙasusuwan baya, a fara daga na huɗu na ƙirji. Matsakaici tsawon ƙashi 7.5 ne, har zuwa 8 ba laifi, sama da 9.3 a jikin mai haki kuwa kusan zuciya ce. A ɗaya hoton kuma a kwantar da ita a kan ciki, ba rigingine ba, kuma sai numfashi ya lafa.

8. Sikanin zuciya

Wannan ne mai yanke hukunci, kuma shi ne mafi tsada da wahalar samu. Kafin a kama hanya zuwa asibitin koyarwa na dabbobi, ko na Zariya ne ko Sakkwato ko Maiduguri, ko wani asibiti mai zaman kansa, a buga waya a tambayi abu biyu: suna da ƙaramin kan na'ura mai shiga tsakanin haƙarƙarin kyanwa, kuma akwai wanda ya saba duba zuciyar kyanwa? Kan da ake duba cikin saniya ko akuya da shi ba zai ba da awon da za a dogara da shi ba. Zuciyar nan ƙarama ce, tana bugu sau uku a daƙiƙa, kuma milimita ɗaya ce ke raba lafiya da ciwo.

Idan kyanwar mafaɗaciya ce, likita na iya rubuta gabafentin a ba ta a gida awa biyu zuwa uku kafin zuwa. Gargaɗi: a guji allurar barci irin zailazin da danginsa, suna sauya bugu da girman ɗakunan zuciya, ga haɗari ga mai ciwon. A kwantar da ita a gefen dama a kan tebur mai rami a duba daga ƙasa, ko a bar ta a tsaye idan ta ƙi. A aske ɗan wuri a bayan gwiwar hannu ko a jiƙa gashin da sifirit.

Tsarin dubawa:

Na farko, ɗakin sama na hagu. Ni a wurina ya fi kaurin bango muhimmanci, domin shi ke faɗin ko kyanwar tana cikin haɗari. Ana gwada faɗinsa da na babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Ƙasa da ninki 1.6 daidai ne. Ninki 1.8 zuwa sama ya buɗe sosai, 2 kuwa ya tsananta. A leƙa cikinsa har ɗan aljihun gefensa da ake kira kunne: wani abu mai yawo kamar hayaƙi alama ce jini ya fara niyyar daskarewa, wani lokaci ma a ga gudan a zaune.

Na biyu, kaurin bango. Ana aunawa a daidai lokacin da ɗakin ƙasa ya cika kafin ya matse, a wurare da yawa, a tsaye da a gicciye, a bugu uku a fitar da matsakaici. Ƙasa da milimita 5 lafiya. Milimita 6 zuwa sama kauri ne. Tsakanin 5 da 6 sai an duba girman jiki: 5.5 a jikin magen gida mai kilo uku abin zargi ne, a jikin ƙaton Maine Coon mai kilo bakwai ba lallai ba. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Ɗaya, a haɗa da tsokokin da ke riƙe da murfin zuciya ko wasu siraran zaruruwa da ke manne da bango, sai lafiyayya ta fito da 7. Biyu, a auna layi ɗaya tak a wuce, alhali kaurin na iya zama a lungu guda, musamman gindin bangon tsakiya.

Na uku, murfin da ke tsakanin ɗakunan hagu. A wasu masu HCM yana lanƙwasowa ya tare hanyar fitar jini lokacin matsewa, kuma shi ne ke haifar da ƙarar da aka ji.

Na huɗu, ƙarfin matsewa da ɓangaren dama. A nan ake gane sauran nau'o'in. Bango siriri, ɗaki ya buɗe, matsewa ba ƙarfi: sakakkiyar zuciya ce, a koma tambayar abinci. Bango daidai amma ɗakunan sama sun yi girma: nau'in da tsoka ke sandarewa ne. Ɓangaren dama ya buɗe shi kaɗai: wani nau'in ne da ba a cika gani ba. Wadda ba ta shiga ko ɗaya ba, a rubuta abin da aka gani yadda yake, kada a tilasta mata suna.

Awon wutar zuciya, wato ECG, sai idan an ji bugu na rikicewa ko kyanwar na suma. Fitowarsa daidai ba ya wanke ta.

9. An ga kauri: a tace masu kama

Takardar sikanin ta gaskiya za ta ce "an ga kauri", ba za ta ce HCM ba sai an bi waɗannan.

Rashin ruwa a jiki. Idan jini ya ragu, ɗakin ƙasa yana tsukewa, bango ya tattaru ya yi kamar mai kauri. Magen da ta kwana uku tana amai da zawo, ko wadda aka yi wa allurar fitsari irin furosemaid kafin a duba ta, za ta ba da wannan hoto. Abin da ke tona shi: ɗakin sama ƙarami ne. A gyara ruwan a hankali a sake dubawa.

Hawan jini da tayirod, an riga an auna su a mataki na 5 da 6. Idan an yi maganinsu, kaurin kan ragu cikin watanni. Idan bai ragu ba, ta yiwu ciwon biyu ne suka haɗu.

Yawan sinadarin girma daga ƙari a gindin ƙwaƙwalwa. A yi zarginsa a jikin muzuru mai ciwon suga da ya ƙi jin insulin, yana ƙara nauyi maimakon ramewa, fuska na faɗi, haɓa na turowa gaba. Gwajinsa IGF-1.

Kauri mai wucewa. Wannan ya cancanci a san shi, domin saboda rashin saninsa ake yanke ƙauna da wuri. Matashiyar kyanwa ce, sau da yawa 'yan kwanaki bayan fiɗiya ko haɗari ko wata rashin lafiya, ta zo da ruwa a huhu da bango mai kauri sak irin na HCM, turofonin ya hau sosai. Aka yi mata maganin ruwan, bayan 'yan watanni aka sake sikanin, zuciya ta koma daidai har a janye magani. A ranar farko ba a iya rabewa. Saboda haka duk matashiyar da aka samu da wannan hoto, a sake duba ta bayan wata biyu zuwa uku kafin a gaya wa masu ita cewa ciwon na har abada ne.

Sauran su ne kumburin tsokar zuciya daga ƙwayoyin cuta irin tokzoplasma, da sankarar jini da ta kutsa cikin bangon, da ƙuncin bakin babbar jijiya da ake haihuwar kyanwa da shi.

Gwajin gado na ƙwayar halittar MYBPC3 yana da amfani ga Maine Coon da Ragdoll kaɗai, kuma ga masu kiwo don hayayyafa. A kan magen gida asarar kuɗi ne.

10. Idan ƙafafun baya suka mutu farat ɗaya

Wani lokaci wannan ce alamar farko. Gudan jini ya taso daga zuciya ya toshe inda babbar jijiya ta rabu zuwa ƙafafu. Kyanwar na ihu, tana jan gindi, tana haki saboda azaba. Hannu kaɗai ya isa a gane: ƙafafun sun yi sanyi, babu bugu a cinya, tafin ƙafa ya yi fari ko shuɗi idan an gwada da na gaba, tsokar sha-raɓa ta yi tauri. Sugan jinin da aka ɗauka daga ƙafar yakan yi ƙasa da na hannu. Idan karayar baya ce, ƙafafun da ɗuminsu kuma bugu na nan. Wani lokaci hannu ɗaya ne abin ke kamawa.

Gargaɗi: kada a murza ƙafar, kada a gasa ta da ruwan zafi, kada a ba ta maganin ciwon jiki na mutane. Kuma magen da ke yawo a waje ba ta da rigakafi, ƙafafu suka mutu a hankali, hali ya sauya, miyau na zuba, a tuna da ciwon haukan kare. A sa safar hannu, wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya tafi asibiti.

11. Sanya mataki, da lissafin aljihu

A tsarin da ƙungiyar likitocin dabbobi ta ACVIM a Amurka ta fitar a 2020, mataki A na masu haɗarin gado ne da ba a ga komai ba. B1 akwai ciwo amma ɗakin sama bai buɗe sosai ba: yawanci ba magani, a dawo bayan shekara. B2 ɗakin sama ya buɗe: likita zai duba maganar maganin hana daskarewar jini, a ci gaba da ƙirga numfashi a gida, a dawo cikin wata 6 zuwa 12. C ta taɓa yin ruwa a huhu ko gudan jini. D magani ya daina riƙewa. A rubuta matakin a katinta, a nuna wa duk wanda zai yi mata allurar barci, ƙarin ruwa ko sitiroid.

Idan kuɗi ba zai isa komai ba, a tambayi farashin kowane gwaji tun kafin a fara, a kashe a wannan jeri: duba jiki da PCV, awon hawan jini, sannan sikanin. Mai shekaru da yawa a sa mata T4 da gwajin ƙoda kafin sikanin, domin idan amsar tana can, magani ya samu. Hoton ƙirji na mai matsalar numfashi ne. Wadda aka samu da sakakkiyar zuciya kuma tuwo ne abincinta, auna taurin a jini ya fi ba da shi tsada nesa ba kusa ba, don haka likita kan fara ba ta miligiram 250 safe da yamma, a gyara abinci, a sake sikanin bayan wata biyu zuwa uku.